Jimlar da Ustaza Nafisa Ba Ta Faɗa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ustaza Nafisa, kuma sai bana na iya rubuta wani abu a kanta. Ita ta koya mini rubutun Larabci lokacin da na je Khartum karatu daga Gusau, a zamanin da soja ke riƙe da ƙasar. Bahaushiyar Umdurman ce, jikar alhazan da suka yada zango a hanyar Makka ba su koma gida ba. Hausarta irin ta kakanni ce, tana yi tana sirkawa da Larabci.

Shiftarta ba irin wadda muka sani a gida ba ce. Takan karanta ɗan labari sau biyu, da saurin magana. A karo na farko ba a taɓa alƙalami, a na biyu kowa ta kama abin da ta iya. Daga nan sai ta raba mu uku-uku, mu haɗa guntayen da muka tsinta, mu sake gina labarin da kalmominmu. Ita kuwa tana zagayawa tana sauraro.

Wannan zagayen ne ya fara damuna. Tun ranar da muka sauka, ɗaliban da suka riga mu suka ja mana kunne cewa kowane aji yana da mai kai rahoto. To ga mace tana sa mu magana ƙasa-ƙasa, tana tsayawa a bayanmu, tana karɓar takarda da sunayenmu a sama. Na yi wata biyu ina zargin ta, har nakan yi shiru in ta matso.

Wata rana ta karanta mana labarin layin burodi a unguwarsu. Ni ce mai rubutu a rukuninmu, ni da Hajara 'yar Maraɗi da wata Saudatu. Ƙarshen labarin ya kuɓuce mana, sai na cike da abin da nake gani kullum: burodi yana ƙanƙancewa, masu mulki suna ƙiba. Muka yi dariya, muka miƙa.

Bayan mako guda aka kira ni wani ofis da ba shi da suna a ƙofa. Wani mutum mai fara'a ya ba ni shayi, ya ajiye takardarmu a gabana. Ya ce, "Shifta ce, ko? Wato abin da malama ta faɗa kuka rubuta. Ta faɗi wannan jimlar?"

Fasfona yana hannun makaranta, shekara biyu ta rage mini in gama. Na ce, "Ban tuna ba."

Kafin ƙarshen zangon aka sallami Ustaza daga aiki.

Sai da na kusa dawowa gida na same ta a Kasuwar Libiya da ke Umdurman, tana sayar da lafaya a rumfar ƙanenta. Ta jawo mini kujera, ta tambayi karatu. Na fara kame-kame, ta katse ni. "'Yata, jimlarki ba ta da kuskure ko ɗaya. A ajin nan ke kaɗai kika kai ga rubuta irinta. Da an kore ki, wahalata ta tashi a banza." Ashe ita ma an tambaye ta, ta ce daga bakinta maganar ta fito.

Har yau ban san wadda ta tsegunta wa hukuma zancen takardar ba. Na zargi Saudatu domin ta cika tambaya. Na zargi Hajara domin ba ta tambayar komai. Mun rabu ba sallama, kuma na tabbata su ma sun zarge ni, tunda ni aka kira kuma ni aka bari.

Yanzu ina koyar da Larabci a Gusau, da irin shiftarta. Ɗalibaina suna ajiye waya a kan tebur, wasu suna naɗar muryata wai don bita. Idona yakan kai kan wayoyin nan fiye da yadda ya kamata. Nakan tambayi kaina me Ustaza za ta yi da su. Ina jin za ta ce a kashe su ne kawai don kunne ya yi aikinsa, ba don tsoro ba.

Ba ta bar littafi ba, kuma ba ta sake shiga aji ba har ta koma ga Allah. Abin da ta bari shi ne mu, mata warwatse daga Damagaram zuwa Ilori da ke iya riƙe alƙalami da Larabci. Ɗaya daga cikinmu ta kai ta ƙara, ɗaya ta ƙi wanke ta, kuma duk ta koyar da mu da zuciya ɗaya. Allah Ya jiƙan ta, Ya yafe mini.