Awakin Inna da Kamfanin Sabulu

Akwai wata tafiya da na yi a bayan babur ɗin kabu-kabu, daga Isa zuwa Bafarawa har Burkusuma, wadda ko tsufa ya ci ƙarfina ba za ni manta da ita ba. Na fita da niyyar tattaro duk abin da na mallaka a duniya in sayar, na dawo hannu wofi ina ta fushi da kowa. Ban san wannan dawowa hannu wofi ita ce za ta cece ni ba.

Ni 'yar Sabon Birni ce. Lokacin ina budurwa babu abin da ya cika mini kai kamar littattafan soyayya da muke haya a kasuwa, mu karanta mu ba juna har bangonsu ya yage. A cikinsu saurayin kullum kyakkyawa ne mai sanyin murya, kuma kullum sai an ce yana da hannun jari a manyan kamfanoni. Ba wanda ya taɓa bayyana mini abin da hannun jarin yake. Ƙawayena suna wuce wurin a guje don su kai inda za a haɗa ido, ni kuwa nan nake tsayawa. A ina ake ajiye shi? Ana ba shi abinci ne? Me ya sa mai shi ba ya zufa, amma kullum shaddarsa sabuwa?

Abin da na mallaka ni kam yana zufa yana kuka. Jajayen awaki ne da Inna, mahaifiyata, ta bar mini da za ta rasu. Ita kuwa ba ta taɓa tara su wuri guda ba. Mafi yawansu suna garken gidan Kawu a Isa, wasu suna wurin Goggo a Bafarawa, wasu kuma suna hannun wata ƙawar Inna Bafillata a Burkusuma. Kiwo ne irin namu: ka ba mutum akuya ya riƙe, in ta haihu a raba 'ya'yan tsakanin mai ita da mai kiwo. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni. Wace irin dukiya ce wannan da ba za ki iya tsayawa ki kalle ta gaba ɗaya ba?

Bayan na gama sakandare na koma gidan Kawu da zama, kuma a nan wani ma'aikacin banki da aka turo daga Sakkwato ya fara zuwa zance wurina bayan la'asar. Ba shi da mota, babur gare shi mai tari kamar tsoho, amma gashin idonsa irin wanda ake kwatantawa a littafi ne. Wata rana ina wasa da bakin hijabina na ce masa, "Malam, don Allah mine ne hannun jari?"

Ya yi dariya ya ce, "Yau kuma ba hirar zuciya, sai ta kasuwa?" Sannan ya gyara zama ya yi mini bayani. Ya ce kamfani kamar babbar gona ce da mutane da yawa suka haɗa kuɗi suka saya, kowa da yankinsa. In shekara ta yi kyau aka samu riba, sai a ba kowa rabonsa gwargwadon abin da ya zuba. In ba ta yi kyau ba, kowa ya yi haƙuri.

Na ce, "Ko mace ana sayar mata?"

"Ko ke, Hajiya mai jari, in kin kawo kuɗi."

Daga nan hankalina ya tashi sama. Akwai wani sabulu mai ƙamshin furanni da nake so ƙwarai, har takardarsa nake ajiyewa a cikin tufafina. Na tambaye shi ko kamfanin da ke yin sa yana sayar da hannun jari, ya ce yana yi. Nan take na ga kaina zaune a falo ana turo mini riba, duk matar da ta yi wanka a ƙasar nan ta ƙara mini arziki. Na tuna ya ci gaba da magana, yana cewa ba a zuba komai a kamfani ɗaya, ana rarrabawa. Na ji sautin maganar, amma gaskiya idona yana kan gashin idonsa.

Shawarar da na yanke ita ce in tattaro awakin duka a garken Kawu, in ranar kasuwar Isa ta zagayo a sayar, in zuba kuɗin kaf a kamfanin sabuluna. Kawu ya ce dukiyata ce, shi ba zai hana ni ba, sai dai in je da kaina in faɗa wa masu kiwo. Lokacin hanyoyinmu ba su lalace da tsoro ba, sai ya haɗa ni da wani mai kabu-kabu da ya yarda da shi.

A Bafarawa na tarar da Goggo tana sussukar gero. Ta rungume ni, ta dama mini fura, muka gaisa har muka gaji. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Taho ki gani," ta ce. Ta kai ni turke. Awakina duka cikinsu ya yi ƙasa, suna tafiya da kyar. "Ɗiyata, ni na sha wahalarsu tun rani, ni na ɗebo musu harawa da kaina. Yanzu da za su haihu za ki kwashe? A ina kika taɓa jin an karɓi akuya da ciki daga hannun mai kiwo? Mutanen gari cewa za su yi kin kama ni da cin amana."

Na ce, "Goggo, kamfani za ni saya."

"Shi kamfanin tagwaye yake haihuwa?"

"Ba ya haihuwa. Riba yake rabawa."

"To, nan ma rabawa ake yi. Bari su sauka lafiya, in ɗauki nawa, ki zo ki ɗauki naki ki kai wa kamfanin."

Na yi kwanaki a wurinta ina lallashi, ba ta ko gezau. Sai dai ta riƙa tsokanata, in na zauna da littafi ta ce, "Mai kamfani, tashi ki ba ma'aikatanki ruwa."

A Burkusuma abin ya fi ba ni mamaki. Ƙawar Inna ta karɓe ni da ƙwaryar nono, ta yi kuka da ta ga kamannin Inna a fuskata. Da na tambayi awaki ta nuna mini arewa da haɓa, ta ce sun bi 'ya'yanta kiwo can wajen iyaka, sai ciyawa ta ƙare za su juyo. Na ce to ina 'ya'yan da suka haifa bara, waɗanda ban ga rabona ba? Ta ce duk mata ne, shi ya sa ba ta aiko ba. "In na aiko miki, sayarwa za ki yi ki sayi zane. In na bar su, su ma sai su haihu. Haka muka saba yi da uwarki." Ban san ko in gode mata ba ko in yi fushi, sai na zaɓi fushi, don shi ya fi sauƙi.

Duk hanyar dawowa ina tsara yadda za ni kai wa masoyina ƙarar tsofaffin da suka tare mini hanyar arziki. Amma tun daga zaure na ji gidan Kawu ya yi wani irin shiru. Garken da kullum kuka ke tashi a cikinsa, ba motsi. Kawu yana zaune a kan turmi, ya dafe kai.

Ya ce bayan tafiyata ya sayo wani bunsuru a kasuwa ya saka cikin garke, ashe da ciwo ya zo. Majina da zawo suka bi awakin ɗaya bayan ɗaya. Kafin malamin dabbobi ya iso, nasa da nawa sun tafi, sai wata tsohuwar akuya guda da ta ƙi mutuwa.

Na tsaya a bakin garken ina kallon igiyoyi a yashe. Na yi kuka, don a cikinsu akwai wadda Inna ta fi so. Amma a tsakiyar kukan wani tunani ya tsaya mini a ƙirji ya ƙi wucewa: nan ne fa wurin da na so in tara su duka. Da Goggo ta sakar mini na wurinta, da na samu na Burkusuma a gida, da yau igiya kaɗai na gada.

Da ma'aikacin banki ya zo yi mana jaje na ba shi labari tun daga farko. Na zaci tausayina kawai zai ji, sai na ga idonsa ya buɗe. Ya riƙa tambaya, ya ake raba 'ya'yan, wa ke ɗaukar asara in akuya ta mutu, me ya sa Inna ta zaɓi garuruwa masu nisa da juna. Ya ce, "Kin ga, abin da nake faɗa miki ran nan ke nan. Mu a banki rarraba jari muke ce masa. Ita kuma ta Burkusuma, haka kamfani ke yi wata shekara, ya riƙe riba don ya ƙara girma."

Na ce, "Yaushe ka faɗa mini?"

"Ranar da kike kallona kamar ba ki taɓa ganin mutum ba."

Na rufe fuska da hijabi, ga hawaye ga dariya.

Da awakin Bafarawa suka haihu, Goggo ta ɗauki nata ta aiko mini da nawa, da saƙon a gaida kamfani. Maza kaɗai na sayar. Kuɗin na raba su, kaɗan a kamfanin sabuluna don zuciya ba ta haƙura ba, kaɗan a wasu da ba ruwansu da sabulu. Rabon ribar farko da ya shigo wayata bai wuce kuɗin sabon littafi da sabulu ɗaya ba, amma na karanta saƙon kamar wasiƙar masoyi. A shekarun da suka biyo baya kamfanin sabulun ya sha yin shiru ba rabo, wasu suka biya, awaki kuma suka ci gaba da haihuwa a garuruwansu.

Mai gashin idon nan shi ne uban 'ya'yana yanzu, har yau Hajiya mai jari yake kirana. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, Inna ba don rashin wuri ta warwatsa awakinta ba. Ta san masifa gida ɗaya take fara shiga, ta tabbatar ba za ta same ni gaba ɗaya ba. Tun daga ranar duk abin da Allah ya ba ni sai na rarraba shi. Zuciyata kaɗai na zuba wuri guda, ita ma sai da na bari Goggo ta fara duba shi.