Ziyarar Kabarin Kaka a Tafkin Kainji

Tudun Wada zuwa Sabuwar Busa

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar Tudun Wadar Kaduna ni da Inna. Tun da ciwon ƙafa ya matsa mata take roƙon in kai ta Busa ta ziyarci kabarin mahaifiyarta kafin ta kasa tafiya. Inna tana shekara tara aka binne kakar tawa. Bayan 'yan watanni aka datse kogi, ruwa ya cinye garin, babansu ya kwaso su zuwa Kaduna aikin masaƙa.

A shingen Gonin Gora soja ya leƙo. "Mama, ina zuwa?"

"Gida," in ji Inna.

Mun ci shinkafa a Bida ƙarfe ɗaya, muka canja mota a Mokwa. Gab da magariba muka sauka a Sabuwar Busa, gidan Hajiya Kulu, 'yar ƙanen baban Inna. Ta yi mana tuwo da miyar kifi. Inna loma biyu ta yi.

Malale

Washegari ƙarfe tara muna bakin ruwa a garin Malale. Tsarki ya tabbata ga Allah, ban taɓa ganin ruwa haka ba, shuɗi har inda ido ya ƙare, fararen tsuntsaye na bin jiragen masunta. Muka ɗauki shatar jirgin Malam Audu. Bayan tafiyar minti arba'in ya rage gudu.

"Hajiya, tsohon gari nan ƙasanmu ne. Wane waje?"

"Ka bi ta bayan masallaci, ɗan nan. Akwai tsamiya a hannun dama, maƙabarta na gabanta."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Hajiya, babana ne ya san unguwa-unguwa, da duwatsun can yake aunawa. Bara ya rasu. Ni ban koya ba."

Inna ta daɗe tana waige-waige. Sannan ta ce ya kashe injin. Ta yi wa gabas sallama, ta yi wa yamma, kudu da arewa, ta karanta Ƙulhuwallahu, muka shafa. Ta tsoma hannu a ruwan har gwiwar hannu, ta ƙi cirewa.

"Ke, na manta fuskarta," ta ce da ni. "Na ɗauka in na zo zan tuna."

Na riƙe mata mayafi kada ya jiƙe.

Komawa

Ranar Laraba bayan la'asar muka iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Hajiya Kulu da Malam Audu da alheri. Wanda ya karanta, ya sa kakata a addu'a. Sunanta Hauwa'u.