Tasar Wanke Hannu

Daminar da kwalara ta shigo Njamena ina da yaro ɗaya, bai cika shekara huɗu ba. Muna zaune a Bololo, gidan surukina. Mahauci ne, yana da teburi a Babbar Kasuwa, kowa a gidan Baba yake ce masa. Ruwa ya kwanta a lungunmu har sai da aka jera bulo ana takawa, kwata da rijiya kusan sun zama abu ɗaya. Ciwon kuwa ba ya jira. Mace za ta gaishe ki da safe tana shara, kafin la'asar ki ji an ɗauke ta a amalanke an yi labtan da ita, haka muke kiran asibiti a can.

Ƙanin mijina yana karatun likita. Da abin ya yi tsanani aka rufe makarantarsu, ya dawo gida ya zauna yana shanye mana shayi. Ni na ji daɗin rufewar, ban dai faɗa wa kowa ba. Sai wata safiya aka faɗa a rediyo cewa ɗalibai su koma, an yi shiri, manyan cikinsu ma za su riƙa taimakawa a tantunan masu ciwon. Ya yi tsalle ya ɗauko farar rigarsa ya miƙo mini.

"Matata, goge mini wannan. Gobe mijinki na gaskiya zai koma aiki."

Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda ake yi da ƙanin miji. Na ce, "Likitan da ko kaza bai taɓa yi wa allura ba? Kai dai kada ka kwaso mana abin mutane ka kawo gida."

Ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba, na dai saka maganar cikin wasa don ba ni da wata hanyar faɗa.

Abin da ke damuna tasa ce. A gidanmu maza suna cin abinci a tire ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Kafin a ci, ana kawo ruwa a wata babbar tasa. Baba ya fara tsoma hannu, sai baƙo in akwai, sai mijina, sai ƙaninsa, a ƙarshe yaron nan. Tun da aka yaye shi kakansa ya zaunar da shi kusa da gwiwarsa, yana tsokanarsa wai ya ƙwace masa tsohuwa. Ni ke zuba ruwan, ni ke zubar da shi, na san kalarsa in ya kai hannu na ƙarshe. Yanzu kuma hannun da ke gaban na yaron, hannu ne da zai wuni a tantin kwalara.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce me ya hana ni magana. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. In ya faɗi a gabansu, sai in kalli tukunya har wani ya ɗaga shi. Inna, uwar mijina, ita ce mai shi, a ɗakinta yake kwana. Ni Yaya yake ce mini. Kuma ana yabona da wannan, ana cewa yarinyar nan tana da kunya.

Da makarantar ta buɗe, an kori masu sayar da abinci daga bakin ƙofarta, sai Inna ta ce in riƙa kai wa ɗanta abincin rana. Ranar farko na tsaya daga tsallaken titi da kwano a kaina ina kallo. An bar ƙofa ɗaya kawai. A ƙasa an ajiye wani faffaɗan faranti da buhu jiƙe a ciki, kowa ya taka da takalminsa ya wuce. Warin jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, har inda nake. A gefe mai gadi yana riƙe da babbar buta. Duk wanda ya zo, ya miƙa hannu, a zuba masa, ruwan ya gangara cikin wani bokiti da ba mai taɓawa. Wani dattijo ya sauko daga mota da jaka, da gani babban malaminsu ne, shi ma ya maƙale jakar a hammata ya miƙa hannu. Na daɗe a tsaye, ban ga mutum ɗaya ya tsoma hannu cikin wani abu ba.

Ƙanin mijina ya fito ya karɓi kwanon. Na ce, "Daktor, duk arzikin makarantarku ba ku da tasa? Sai wahalar da tsoho da buta?"

Ya ce, "Da gangan ne. Ruwan da ya tsaya yana tara na kowa. In mutum ɗaya yana ɗauke da ciwon a hannunsa, duk wanda ya tsoma bayansa ya samu rabo."

"To ta gidanmu fa?"

Ya buɗe kwanon ya rufe. "Ni ban da matsala. Kafin in fito sai an wanke ni kamar hanjin sa. Riga ma a ciki muke barinta yanzu."

"Ba kai kaɗai ke tsomawa ba."

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Ni da na zo da tsoron hannu ɗaya, na koma da tsoron huɗu. Baba yana wuni yana gaisawa da rabin kasuwa, ba ta'aziyyar da ke wuce shi.

Ya ce, "Na sani. To ni zan buɗe baki in ce wa Baba hannunsa da datti? Cewa zai yi an koya mini raina shi da Faransanci."

"Me ake koya muku to?"

"Ke je ki gida, matata. Allah zai tsare."

Na gwada mijina a ɗaki. Ya dube ni kamar na yi tsirara a kasuwa. "Ke ce kike maganar yaron nan? Da bakinki?" Shi ma ɗan farinsa ne, kunyar ta kama shi kamar yadda ta kama ni. Ya ce in bari, tasar nan da ita aka rene su duka.

Sai na koma dabara. Na samo jabel na ɗiga kaɗan a ruwan. Baba ya kai hannu ya tsaya, ya shinshina, ya ce wa ya kawo masa labtan cikin gida, a zubar a kawo ruwan mutane. Na gwada sa yaron barci kafin azahar, Baba ya ƙi cin loma sai an taso masa abokin faɗansa. Na gwada cika wa yaron ciki da kunu a ɓoye a bayan madafi don ya ƙi zuwa, ya sha ya kuma tafi da gudu. Kullum in ya shiga bayan gida sai in sami dalilin bi ta wurin, in leƙa in gani. An ce zawon mai kwalara fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Na daina iya wanke shinkafa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Wata Juma'a Baba bai je kasuwa ba. Da sassafe aka aiko cewa abokinsa, wanda teburinsu ke jere, ya kwana yana amai da zawo. Baba ya tafi. Da ya dawo daga masallaci, ina madafi ina tuƙa esh, tuwonmu na can, na ji shi yana ba Inna labari a tsakar gida. Ya ce mutumin ya zube, idanu sun faɗa, 'ya'yansa sun tsorata sun ja baya.

"Ni na tallafe shi. Ni na sa shi a taksi, a jikina ya kwanta har labtan. Shekara nawa muna tare, yau in guje shi?"

Inna ta ce Allah ya ba da lada. Na dubi rigarsa. Ya canza. Hannun dai nasa ne.

Na kai tire rumfa, na kai tasa, na dawo bayan zana inda nake iya hango su ta wata ɓula. Ƙanin mijina yana nan, ya dawo gida bayan salla, kuma ya ji labarin kamar yadda na ji. Baba ya tsoma hannu biyu, ya cuɗa su sosai, ya tura wa mijina. Mijina ya wanke ya tura. Tasar ta tsaya gaban ƙaninsa. Ya dube ta. Ya ɗago ya dubi zanar da nake bayanta, na san ya san ina nan. Na ce a raina yanzu zai yi magana, ko ya yi kamar hannunsa ya kuɓuce ya kifar da ita. Ya ce, "Baba..." Baba ya ce, "Na'am?" Ya ce, "A'a, ba komai." Ya taɓa ruwan da kan yatsunsa, ya tura ta gaba.

Yaron ya naɗe hannun rigarsa kamar yadda yake ganin kakansa na yi.

Ban san lokacin da na fita ba. Ko mayafi babu a kaina, muciya tana hannuna. Na kira sunansa da ƙarfi, sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Na fizge shi sama, ƙafarsa ta bugi tasar, ruwan ya malale kan tabarma har gefen rigar Baba.

Ba wanda ya motsa. Inna daga ƙofar ɗakinta ta yi salati. Mijina ya sunkuyar da kai kamar shi aka mara. Ina tsaye a gaban surukina, rungume da ɗan farina a ƙirji. Ƙanin mijina ne ya fara magana, a hankali, ya ce a makaranta zubawa ake yi, ba a tsomawa, saboda...

Baba ya ɗaga masa hannu ya katse shi. Ya janye rigarsa daga ruwan. Bai dube ni ba.

"Tunda yana da uwa, ta tafi da shi. Ku ci abinci."

Bai sake kiransa rumfa ba har ruwa ya ɗauke. Inna ta turo mini tabarmarsa da 'yan kayansa a ranar, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Matan lungu kuwa, in na wuce sai su yi ta kiran sunan yaron suna dariya.

Amma a lokacin ban tuna da ko ɗaya ba. Na shige ɗaki da shi yana ihu yana dukan kafaɗata, yana cewa shi wurin Baba zai ci. Na zaunar da shi a bakin ƙofa, na ɗauko buta da sabulu, na zuba masa, ruwan ya gangara ƙasa. Na wanke tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ko da yake bai taɓa komai ba. Na taɓa cikinsa, na duba idanunsa. Kukan ya ragu ya koma shessheƙa. Ya zuba mini ido kamar bai taɓa ganina ba.

"Yaya," ya ce, "wa ya gaya miki sunana?"

Na ce, "Miƙo ɗayan hannun."