Goggo Ige Mai Lasar Man Shafawa

Duk wanda ya san Goggo Ige, ƙanwar mahaifinmu ta Ƙofar Taramniya, ya san ba a miƙa mata man shafawa ta shafa. Dangwala take ta lasa! Ta juya harshe, ta lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: "Abin da baki ya ƙi, mi za shi nema ga jiki?" Yaƙinta ɗaya ne a duniya, kada wata ɗiya a zuri'armu ta ƙona fatarta don neman fari.

Wata rana na raka ta wani kanti a Sama Road. Kafin in waiga ta buɗe kwalba mai tsada ta kai baki. Mai kanti ya zabura: "Hajiya, ba a ci!"

Ta tofar. "Na ji ba a ci, ɗana. To kai ma ji, ba a saye."

Nata haɗin man kaɗanya ne da man kwakwa da ɗan zuma, kuma ba ta taɓa sayen mazubi ba, tsohuwar robar bota take wankewa ta zuba. Haka mijinta Malam Sani ya yi kwana uku yana shafa shi a burodi. Da ya gano ya hau salati. Ko kallonsa ba ta yi ba. "Yi shiru, Malam. Yau duk garin ga ba mai laushin hanji irin naka."

Da na shiga makarantar manya ina da shekara arba'in, ta fi kowa murna. Ashe ma'aikaciya ta samu! Kullum tana tafe da kwali: "Karanta mani abin da sunka zuba." In yi ta in'ina a kan sunaye masu tsawon igiyar guga. Sai ta fizge. "Bari hakanan. Abin da kika kasa kiran sunanshi, kak ki kai shi ga huskarki."

Saura mako uku bikin ɗiyata Hadiza, ƙawayenta suka kawo mata wani haɗi daga kasuwa, ba suna ba takarda. Kwana huɗu tana shafawa fuska ta yi jajir, ta fara saɓulewa. Na kasa zaune na kasa tsaye. In zagi Hadiza, in zagi ƙawaye, in dawo in zagi kaina. Ni mai karanta kwalin mutane, ban leƙa ɗakin ɗiyata ba!

Goggo ta diro daga keke Napep tun bai tsaya ba. Wannan ko lasa ba ta yi ba, ta sunsuna ta jefa shi masai. Na ce, "Goggo, don Allah haɗa mata wani abu!"

"In haɗa mi? Ni likita ce? Ɗauko mayahinki, sakara!"

Asibiti ta tasa mu. Daga nan ta tare a gidana, ta kwashe madubai ta kulle a akwati, ta kori ƙawaye da muciya. In Hadiza ta fara kuka ta jawo ta jikinta tana yi mata fifita, bakin kuwa bai fasa faɗa ba.

Ranar biki fuska ta warke, sai ɗan tabo a haɓa. Mata suka yanyame Goggo: "Goggo, mi kika shafa ma amarya?"

"Launin da Allah ya ba ta. Ku tai kasuwa ku tambayo ko ana sai da shi."

Bara ta rasu, ba ta ga jaririyar Hadiza ba. Allah ya jiƙan Goggo Ige, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya mini rai a makonnin nan uku, ya tashe ta da fuska mai haske. Amin.