Jirgin da Na Ɗora a Kan Tsibiri

Ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma rabin hanya barci nake. Amma shekara da shekaru ina Guangzhou ina loda wa mutane kwantena tana bin ruwa. Dillanci nake yi. Baƙo ya sauka a unguwar Xiaobei bai san kowa ba, in ɗauke shi a mota zuwa Shiling inda ake ɗinka jakunkuna, in yi masa ciniki da ɗan Sinancin da na tsinta a bakin titi. Ni da boko tun a firamare muka rabu.

A cikin baƙina akwai wata mata, baƙa kamar mu, amma ba daga Afirka take ba. Daga wani ƙaramin tsibiri take zuwa, can bayan duniya. Tana da shago a bakin ruwan garinsu, tana sayar wa 'yan yawon buɗe ido jakunkuna masu hoton tsibirin. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Alhaji, tunda haka ta ji kowa yana kirana.

Wata rana a hanyar Shiling ta ba ni labari. Wai manyan jiragen ruwa ne ke kawo musu baƙi, kowanne kamar bene ya tashi yana tafiya. Ba sa iya matsowa gaɓa, sai su tsaya nesa a riƙa kwaso mutane a ƙananan jirage. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuwa, sai jirgi ya wuce abinsa. Shi ne gwamnatinsu take so ta haƙe ƙasan ruwa ta gina doguwar tasha. Gari ya rabu biyu, za a yi ƙuri'ar raba gardama, eh ko a'a. Ita tana wajen eh.

Ta ce, "Alhaji, in aka ce eh, shago na biyu zan buɗe. Ina son wanda ya san kaya ya zauna a ciki. Za ka zo?"

Na ce mata sai na yi shawara. Ƙarya nake, tun kafin ta rufe baki na riga na tafi.

Ɗakina a unguwar Sanyuanli tagarsa bango take kallo. Biza kullum sai ka sabunta ta da faɗuwar gaba. Madam ta bar mini hoton tsibirin a waya: tudu kore shar, ƙananan gidaje farare sun hau shi, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula. In na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai in lumshe ido, in gan ni a ƙofar shago a kan kujera, na cire takalmi, iska tana kaɗa mini riga, babu mai tambayata fasfo. Har kiran salla nake yi wa kaina a can, ni kaɗai, kifaye suna ji. Sau da yawa sai na wuce tashata nake farkawa.

Na kai maganar gidan abincin da mu Hausawa muke haɗuwa bayan la'asar. Wallahi sai ka ce da mu za a yi ƙuri'ar. Wani mai sayen takalma ya ce ciniki ciniki ne, wanda ya kori mai saye mahaukaci ne. Wani dattijo mutumin Maraɗi ya ce shi ya ji labarin irin waɗannan baƙi, a jirgi suke ci, a jirgi suke kwana, fitsari da ɗaukar hoto kawai ke sauko da su.

Ya juyo ya ce, "Kai kuma Bakano, ko kududdufi ba ka iya tsallakewa ba, tsibiri za ka? Ranar da ruwa ya taso ina za ka gudu?"

Na ce, "Baba, ku da ko rijiya sai kun yi tafiyar yini, me ka sani a kan ruwa?"

Aka yi ta dariya. Muka ɗaga cokula, eh ta ci.

To, a sana'armu ba a jiran lokaci ya zo. Kaya suna daɗewa a ruwa, wanda ya jira sakamako sai ya tarar wasu sun cinye kasuwa. Sai na ce bari in riga kowa. Na ɗauki hoton nan na kai Shiling, na ce wa yarinyar da ke zane a kwamfuta ta saka mini jirgi a ciki. Ta saka ɗan ƙarami a gefe. Lawban, wato mai kamfanin, ya leƙo ya girgiza kai, ni ma na girgiza. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya san ƙaramin zane ba ya sayar da jaka, sai wanda za a hango daga tsallaken titi. Muka ce ta ƙara. Ta ƙara, muka ce ta ƙara. Har jirgin ya tsaya fari fat a bakin gaɓa, hawa kan hawa, ya rufe gidajen, sai kan tudun kawai ke leƙowa. Aka ɗinka samfur biyu. Ban taɓa fitar da jaka mai kyan wannan ba, har gobe haka zan ce.

Da Madam ta dawo sayayya, na ajiye mata ɗaya a kan tebur ina murmushi. Ta daɗe tana kallo, shayinta ya huce. Can ta ɗora yatsa a cikin jirgin.

Ta ce, "Alhaji, gidan uwata yana bayan nan."

Na ce, "Ai zane ne, Madam. Sai a rage shi."

Ta ce, "A nan kam ana ragewa. Daidai ka zana shi, haka girmansu yake. Ni daga nesa na saba ganinsu."

Ta sa jakar a akwatinta ta tafi. Bayan nan sai ga hotuna a waya: ta rataye ta a ƙofar shago, masunta sun taru suna kallo. Wani hoton a zauren taro, ga ta tsaye ta ɗaga jakata sama, ana tafi. Ashe ta koma wajen a'a. Jakar da na yi don eh, ita 'yan a'a suka riƙa yawo da ita.

Ban ce ita ta kayar da ƙuri'a ba, mutane suna da nasu dalilai. Amma a'a ta ci. Madam ta kira ni muryarta cike da murna, ta ba da odar tsofaffin jakunkunanta, masu tudu da kwakwa.

Na ce, "Shago na biyu fa?"

Ta ce, "Meyo, Alhaji." Babu, ke nan. Ni na koya mata kalmar.

Ɗaya samfurin yana nan rataye a ƙusa kusa da tagata. Har yanzu in na lumshe ido a jirgin ƙasa tsibirin yana zuwa, sai dai yanzu a saman babban jirgin nake ganin kaina, riƙe da ƙarfe. Ga tudun, ga fararen gidajen. Sai a ce iska ta yi yawa yau, ba za a sauka ba.