Fitilar da Ta Ɗaure Bekha Lal

Ku matsa mini in zauna, in ba ku labarin Bekha Lal Duwal tun bai dawo daga sayen mai ba. In ya dawo kuma, ni ban ce komai ba.

Kaf garin Bhaktapur babu wanda ya kai shi sanin garin Pokhara. Zai gaya maka launin tafkin garin da sassafe, da yawan kwalekwalen, har da sunan karen maƙwabcin 'yarsa Shobha. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. Shekara goma sha tara ke nan da aka kai Shobha aure can, shi kuma abu ɗaya yake nema a duniya: ya kwana ɗaya tak a gidanta, ya ci abin da ta dafa a murhunta.

Abin da ya hana shi kuwa, ga shi nan muna zaune a kai. Falcar nan ta unguwarmu, wato rumfar hutun nan, kakansa ne ya gina ta, ginshiƙi huɗu masu sassaƙa da dakalin katako, don matafiyi ya huta, tsofaffi kuma su yi gulma su ce waƙar ibada suka zo yi. Da tsohon ya tsaya nan, da ya kyauta. Sai ya sa aka sassaƙa a dutsen can cewa babban namijin gidansa ne zai kunna fitilar mai da hannunsa kowace faɗuwar rana. Ya mutu abinsa ya huta, ya bar jika da ashana. Motar Pokhara kuwa wuni take yi a hanya.

Tun yana da shekara talatin da ɗaya yake wannan aiki. Hutun da na san ya samu shi ne lokacin da matarsa ta rasu, tunda mai makoki ba ya taɓa fitila kwana goma sha uku. To amma mai makoki ko ƙofar gida ba ya leƙawa.

Shekarar girgizar ƙasa falcar ta zube. Bekha ya yi kuka kamar kowa, na gani da idona. Na kuma ga jakar da ya ɗaure bayan sati biyu. Yana fitowa sai ga Tulsi Bhakta, shugaban guti, ƙungiyar da ke kula da falcar, da ƙarti takwas ɗauke da katako.

"Yaya Bekha, ina zuwa da jaka?"

"Wanki zan kai."

"Wanki da hular biki? Buɗe ɗaki, ginshiƙan kakanka ne. Ɓarayin sassaƙa sun yi yawa, wurinka za su kwana."

"Ni kuma in kwana ina?"

"Tsakaninsu mana. Fitilar kuma ka ɗora kan tubalin da ya rage. Dutsen bai ce sai da rufi ba."

Shekara biyu yana kwana da ginshiƙi huɗu, har ya fara yi musu ina kwana, kafin aka sake tayar da falcar.

Bekha ba shi da ɗa namiji. Mai gadon ashanar shi ne ƙanensa Asta Lal, kuma ban taɓa ganin ƙane mai son wansa ya yi tsawon rai irinsa ba. Bekha ya yi tari ɗaya, Asta ya iso a guje da shayin citta da bargo uku.

Sai bara ya cika shekara saba'in da bakwai da wata bakwai da kwana bakwai, aka sa ranar janku, bikin da ake yi wa tsohon da ya kai wannan shekaru. Kun san daga ranar ana lissafa tsoho cikin alloli. Bekha ya yi lissafinsa shi ma. Ya sayi tikitin mota ya cusa cikin hula, ya ce wa Shobha a waya ta shimfiɗa gado kafin ta taho bikin.

Aka zaunar da shi a karusa, jikoki suna ja, ana kiɗa, aka zagaya unguwa. Ita ce tafiya mafi nisa da ya yi a zaune. Da aka tsaya gaban falca, sai ya zaro ashana ya miƙa wa Asta a gaban kowa.

"Ƙanena, karɓi. Dutse ya ce namijin gida. Ni yau na tashi daga mutum."

Asta ya mayar da hannuwansa baya kamar an miƙo masa kunama. Tulsi ya tafa hannu.

"Haba Yaya! Shekara arba'in da shida mutum ne ke kunna mana. Yau da muka samu mai tsarki, sai mu mayar wa wannan mai warin giyar?"

Jama'a suka ɗauki shewa. Shobha ta matso.

"Kawu Tulsi, kwana ɗaya ne fa."

"'Yata, je ki roƙi dutsen. In ya yarda, na yarda."

Washegari da safe Shobha ta ɗauki jakarsa da kanta, ta ce, "Baba, tashi mu tafi, ba sarƙa suka sa maka ba." Gaskiyarta, babu wanda ya tare hanya. Ni ina nan zaune. Ya bi ta har kwanar mai tukwane, sannan ya waiwayo ya kalli gurbin fitilar. Ya daɗe yana kallo.

"In ta kwana a mace," in ji shi, "da wane ido zan kalli kakana?"

Ya karɓi jakarsa ya dawo. Ita ta tafi tana share hawaye da bakin mayafi.

Yanzu mata har daga wasu unguwanni suke zuwa da almuru su ga mai tsarki yana ƙyasta ashana, su taɓa ƙafarsa. Tikitin yana nan cikin hular, gumi ya cinye rubutun. Shobha ta ce gadon ma yana nan a shimfiɗe.

Kai, ku yi shiru, ga shi can tafe da kwalbar mai. Wani ya tambaye shi launin tafkin yau.