Kawu Daudu da Kwana Ashirin na Kwarin Tsamiya

Ina 'yar shekara tara na ji Iya Saude ta faɗa a bakin rijiya, tana jan guga: "Daudu fa ba shanu yake kiwo ba, ƙasa yake kiwo. Shanun rakiya suke yi masa." Mata suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don ban gane ba, kuma ba na iya tambaya. Maganar dai ta zauna mini.

Kawu Daudu shi ne makiyayin ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa. Tun kafin a ba da mulkin kai yake haɗa shanun mutane ya kaɗa su daji. In ya idar da sallar asuba, kafin ya kwance ko maraƙi ɗaya, sai ya fara zaga makiyaya shi kaɗai. Ya caka sanda a ƙasa ya ji yadda ta shige. Ya tsuguna ya birkice busasshen kashin shanu, ya duba ko akwai fararen zarurruka a ƙarƙashi kamar yanar gizo. Ya damƙi ƙasa ya shinshina. Daga nan ne yake sanin inda za a yi kiwo ranar.

Makiyayar tamu kashi huɗu ya yi mata: gefen dutse, bayan kuka, bakin rafi, da Kwarin Tsamiya. Kullum akwai ɓangare ɗaya da ya kewaye da ƙaya yana hutawa. Turakun da shanu ke kwana kuwa ba sa wuce kwana uku a wuri ɗaya, sai ya tuge ya matsa gaba. Yakan ce kofato kamar gishiri ne, in babu miya ta yi lami, in ya yi yawa ba ta ciyuwa.

Matan gari sun sha shi. Ranar da ya kama Iya Saude tana tsintar kashin shanu na hura wuta a ɓangaren da ke hutu, ina tsaye riƙe da kwandonta.

"Kawu, yanzu kashi ma sai da izini? Gadon gidanku ne?"

"Tuwon ƙasa ne, Saude. Ke za ki so a sauke miki tukunya tana tsakar tafasa?"

"To Allah Ya ba ka haƙuri, mijin ƙasa. A gaida amarya!"

Ya yi dariya, amma sai da ta zazzage kwandon.

Sai da na shiga sakandare a Kano na gane. Malamar kimiyya ta nuna mana ƙasa a madubin ƙara girma, ta ce cike take da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu sunansu bakteriya, su ne ke ruɓar da kashi da fitsarin dabbobi ya zama abincin ciyawa. Wasu dangin fumfuna ne, zarensu yana manne da saiwa, yana jawo mata ruwa, yana riƙe ƙasa kada ta watse. Ta ce kiwo daidai misali yana ciyar da su. Amma in dabbobi suka cinye ciyawa har tushe, suka daddage wurin da kofato, iska ba ta shiga, zaren ya tsinke, ƙasa ta koma fako. Da na zo hutu na daure na faɗa wa Kawu, kaina a sunkuye.

"Ashe suna gare su," in ji shi. "Shekara talatin ina ciyar da su, ban taɓa tambaya ba."

Sai ga farin 1973. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. Ko'ina ƙasa ja, in ban da Kwarin Tsamiya da ke hutu tun bara, inda ciyawa ta tsiro kamar tsawon yatsa. Shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙari. Maza suka taru a bakin shingen ƙaya, mahaifina Malam Maikasuwa a gaba, don saniya ɗaya gare mu, mai farin goshi, kuma nononta ne cefanen gidanmu.

"Daudu, ka dubi girman Allah ka buɗe," in ji Baba. "Ga ciyawa muna gani."

"Malam, wannan ba ciyawa ba ce tukuna, jaririya ce. In suka shiga yau, da saiwa za su tumɓuke ta. Kwana biyu za su ƙoshi, daga nan mu rasa kwarin. A ba ni kwana ashirin."

"Kwana ashirin! Wa zai kai?"

Kawu ya ratsa ta cikinsu. Ya gitta sandarsa a ƙofar shingen ya zauna. Mai unguwa ya ce shi ba zai ɗage sandar da shi ya ba Daudu ba.

Kai ne, Kawu, da furfurarka, ka dinga hawa marke da maɗaci kana saran ganye kana raba wa shanun da ba naka ba. Mun gan ka. Kai ne ka faɗo ka gurɗe gwiwa, ka ɗaure da tsumma ka sake hawa. An kira ka mara imani a gaban idonka, ka ci gaba da saran ganye. Naka bijimai biyu ma sun faɗi. Saniyarmu ta kwanta a rana ta goma sha uku, aka yi sauri aka yanka, ko naman kirki babu. Daga ranar Baba bai ƙara gaisawa da kai ba.

Ruwa ya dawo. A rana ta ashirin da ɗaya Kawu ya buɗe kwarin, ciyawa ta kai ƙwauri, kuma ko a nan rabin yini kawai yake bari su yi. Ita ta riƙe sauran garken har kaka. Makiyayun maƙwabta da aka buɗe da wuri, yau shekara huɗu, in ka caka sanda tsalle take yi. Bara malamin gona Mamuda ya zo a babur da buhunan takin zamani. Ya tona Kwarin Tsamiya da hannu, ya ga baƙar ƙasa mai laushi da zare fari a jikin saiwoyi, ya ce da mai unguwa nan kam ba ta buƙatar buhunsa.

Bana gwiwar ta ƙi. Kawu ya miƙa sanda ga Haladu, mijin 'yarsa. Gagara-gasa, uban garke, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu makiyaya, ku zo ku ga kwarin da idonku. Ku tuge turke ya matsa, ku bar ɓangare ya huta, ku daina kwashe wa ƙasa tuwonta. Buhu yana ƙarewa.

Shekaranjiya da hantsi na same shi a gindin tsamiyar, ya miƙe ƙafa yana kallon Haladu daga nesa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kaltume, Malam yana lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Madalla. Ki ce ina gaishe shi." Haka yake cewa duk haɗuwarmu, shekara huɗu, ni kuma ban taɓa isar da saƙon ba.

Na miƙe zan tafi, sai na koma na zauna.

"Kawu," na ce, "ranar da Baba ya roƙe ka, da ka dubi saniyarmu, ka san ba za ta kai ba?"